Maƙerin Baƙaƙe

A unguwar Abdulkafi ta Sabha, a kudancin Libiya, idan bazara ta kankama, ba mai zaman ɗaki bayan isha'i. Tabarma ake fitarwa tsakar gida, a ɗora shayi a kan gawayi, wanda wayarsa ke da caji kuwa shi ne maigida a wannan dare. A irin wannan zama muka cinye fim ɗin Koriya Jumong, kashi 81 ɗinsa cif, mu 'yan Arewa huɗu da wani ɗan Maradi. Samarin jira suke a zare takobi. Ni kuwa hankalina yana wurin tsohon maƙerin nan na cikin fim ɗin, Mo Palmo, wanda ya yi ta fama da wuta yana neman sirrin ƙarfen da ba ya karyewa. Abin a jini yake. Kakana na wajen uwa maƙeri ne, kawuna kuma a wata ƙaramar maɗaba'a ta Zariya ya ƙare ƙuruciyarsa.

Dattawan Fazzan, yankin da Sabha take, sun san mutanen Koriya tun kafin zuwan waɗannan fina-finai, domin kamfaninsu na Dong Ah ne ya shimfiɗa manyan bututun nan da ke ɗaukar ruwa daga rijiyoyin Jabal Hasawna, arewa da Sabha, har suka kai shi Tarabulus a 1996. Sun shaide su da naci a kan aiki. Nawa sanin ya biyo ta waya ne. Da na yawaita kallon fina-finansu na tarihi, sai YouTube ya riƙa turo mini waɗanda ba wasa ake yi a cikinsu ba, na masu sana'a da tsofaffin kayan tarihi. A cikinsu na ci karo da wani mutum zaune, ya sunkuyar da kai, yana sassaƙa wani abu rawaya ɗan mitsitsi da bakin wuƙa. Kakin zuma ne. Abin da yake sassaƙawa kuma harafi ne.

Sunansa Im In-ho. Gwamnatin Koriya ta Kudu tana da rajistar sana'o'in gado da take tsoron kada su mutu, kowace da gwanin da aka danƙa wa riƙonta. Sana'ar zubin haruffan ƙarfe ita aka ba lamba ta 101, a lokacin da ake sa musu lamba. Wanda ya fara riƙe ta shi ne Oh Guk-jin, bayansa sai almajirinsa, wannan Im In-ho. Daga 2011 ya kwashe shekara biyar yana sake zuba haruffan wani tsohon littafi mai suna Jikji, kimanin guda 30,000, ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar da masana da yawa suke ganin ita mutanen farko suka bi.

Jikji tarin maganganun malaman addinin Buddha ne, wani malaminsu mai suna Baegun ya harhaɗa a 1372. Bayan rasuwarsa almajiransa biyu, Seokchan da Daljam, suka buga shi a wurin ibadar Heungdeok, bayan garin Cheongju, da kuɗin da wata mata mai ibada, Myodeok, ta bayar. A shafin ƙarshe suka rubuta wuri da wata da shekara, suka kuma faɗi cewa da haruffan zubi aka buga. Shekarar ita ce 1377, wato shekara 78 kafin Gutenberg ya gama buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz na Jamus. A duk duniya ba wani littafi da aka buga da haruffan ƙarfe masu ciruwa da ya girme shi cikin waɗanda suka tsira. Juzu'i biyu ne, na biyun kaɗai ya rage, shi ma warƙar farko ta ɓace, saura 38.

Ga yadda ake yi, kamar yadda na gani, na maimaita kallo har na haddace. Da farko mai kyan hannu zai rubuta haruffan a takarda marar kauri. A tace kakin zuma, a daskarar da shi sanda-sanda, a yanka gwargwadon girman harafi. Sai a kifa takardar a kan kakin, fuskar rubutun tana kallon ƙasa, yadda mai sassaƙa zai riƙa hango harafin ta baya, a juye. Haka ake so, domin abin da ya juya a ƙarfe shi ne zai miƙe a takarda. Daga nan wuƙa ta shiga aiki. Ba harafin ake yankewa ba, abin da ke kewaye da shi ake ƙwaƙulewa, a bar shi tsaye kamar tsibiri. Rubutun Sin ne, wani harafin yana da zane ashirin ko fiye, duk a fili da bai wuce farcen yatsa ba. Kaki kuwa ba ya son zafin hannu. In ka daɗe riƙe da shi sai ya yi laushi, gefen zanen ya lotsa. In ya yi sanyi ainun sai ya ɓalle.

Idan haruffa sun taru, sai a murza kaki a yi masa gangar jiki da rassa, a liƙa harafi a ƙarshen kowane reshe, abin ya fito kamar bishiya mai 'ya'ya. A kwaɓa yumɓu mai laushi a lulluɓe bishiyar, a bar ƙofa ɗaya kawai a gindinta. A ajiye a inuwa har ta bushe ƙayau, ba a gaggawa. Sannan a gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun, kowane zane da kowace lanƙwasa. A wannan gurbi ake tuttula narkakkiyar tagulla, wadda zafinta ya haura digiri 1000. Tana shiga ta gangar jiki, ta bi rassa, ta cika haruffa. In ta huce sai a fasa yumɓun, bishiyar ta fito, amma yanzu ta ƙarfe ce. A yanke 'ya'yan, a bi kowanne da magagari har tsayinsu ya zo ɗaya.

Da na kai nan sai na tsayar da fim ɗin, domin na san wannan aiki. A nan Sabha akwai wani dattijo Buzu, mutumin Agadas, da ke ƙera zobba da abin wuyan azurfa a wata 'yar rumfa. Hausarsa tangaran. Washegari na kai masa wayar. Ya goge hannu da gefen rawani, ya karɓa, ya kawo ta kusa da ido. Bai ce uffan ba sai da aka zo wurin lulluɓa yumɓu.

"Ɗana, wannan ai aikinmu ne," in ji shi. "Dubi yadda yake shafa ta farko da ruwa-ruwa. Wannan ya san abin da yake yi."

Na ce, "Baba, me ya sa sai da ruwa-ruwa?"

Ya ɗauko wani ɗan kasko ya nuna mini. Shafin farko shi ne ke ɗaukar kamannin kakin, don haka dole ya zama mai laushi kamar kunu, ya shiga kowane lungu, kada ya bar ko ƙwayar iska ɗaya. Inda iska ta maƙale, nan ƙarfe zai fito da ƙurji. Na biyu da na uku su ne masu kauri, shi yana haɗa nasa da kashin jaki, saboda in an gasa, ɓurɓushin ciyawar da ke ciki ya ƙone ya bar 'yan ƙofofin da hayaƙi zai bi ya fita. In kuwa akwai sauran danshi, ƙarfe na shiga sai yumɓun ya tsage, aikin mako guda ya bi ƙasa. Ba ya auna zafi da na'ura. Launin narkakken ƙarfen yake kallo, da yadda yake kaɗawa a kaskon in ya girgiza awartaki. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ƙanƙantar aikin. Shi in ya zuba abin wuya, yana da damar gyara shi da magagari, ya yi masa zane daga baya. Harafi kuwa fuskarsa ita ce aikin gaba ɗaya. In zane ɗaya ya toshe, kalmar ta zama wata.

Wannan hanya tana da wata ɗabi'a da ta sa nake ƙaunarta. Tun da sai an fasa yumɓu kafin a fitar da ƙarfe, kuma kakin ya riga ya narke, ba a taɓa samun haruffa biyu masu kama ɗaya sak. Kowane da hannu aka sassaƙa shi, sau ɗaya. Shi ya sa masu nazarin Jikji suke iya bin sawun harafi guda kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a cikin garke. Su ga mai ɗan tabo a wannan shafi, su sake ganinsa a wani shafi can gaba, su san an warware shafin farko an sake amfani da shi. Akwai inda aka dasa harafi a kife. Akwai inda layi ya karkace, inda tawada ta yi yawa a wani harafi ta yi ƙaranci a maƙwabcinsa saboda tsayinsu bai zo ɗaya ba, da inda na ƙarfe suka ƙare aka cike da na itace. Waɗannan kurakurai su ne shaidar littafin. Allon itace da aka sassaƙa shafi guda a kansa ba ya kifar da harafi ɗaya ya bar sauran.

Tunanin raba rubutu harafi-harafi ya girmi Jikji. A Sin, wajen shekarun 1040, wani mai suna Bi Sheng ya yi nasa da gasasshen yumɓu. A Koriya ma wani babban marubucin fada, Yi Gyu-bo, ya ba da labarin wani littafin ladubba da aka buga da haruffan zubi a shekarun 1230, sai dai littafin bai tsira ba. Kuma su Koriyawa gwanayen allon itace ne, har yau akwai alluna sama da 80,000 na littattafan addininsu a ajiye a wurin ibadar Haeinsa. Abin da ya kai su ga ƙarfe buƙata ce. Allon itace yana da kyau in littafi ɗaya kake so ka buga da yawa. Su kuwa ƙasa ce ƙarama, masu karatu kaɗan, ga yaƙe-yaƙe da gobara sun cinye ɗakunan littattafai. Littattafai iri-iri suke so, kowane kwafi kaɗan. Ga su kuma da maƙeran da suka saba zuba ƙararrawa da kwabbai.

Daga baya sarauta ta karɓi sana'ar. A 1403 Sarki Taejong ya kafa ma'aikatar zubin haruffa ta gwamnati. Nan aka koma wata hanya mai sauri: a sassaƙa harafi a itace mai tauri, a danna shi cikin lallausan yashi mai danshi, a cire, a zuba tagulla a gurbin. Harafin itace ɗaya sai ya haifi na ƙarfe da yawa. Amma wata matsala ta dame su. Cikin kaki suke dasa haruffan a faranti, in an buga warƙa kaɗan sai su goce, a tsaya gyara. Ɗansa Sejong ya sa aka daidaita gindin haruffan har suka riƙa zama daram da junansu, ana cusa 'yan tsinken gora a inda ya yi sako-sako. Haruffan da aka zuba a 1434, kimanin 200,000, da su ake buga warƙa arba'in da wani abu a yini. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Jang Yeong-sil, ɗan baiwar da ya zama babban mai ƙere-ƙeren fada, wanda aka yi fim a kan abotarsa da Sejong a 2019. Sejong ɗin nan ne kuma ya ƙirƙiro wa harshensu baƙaƙensa na kansa a 1443. A 2021 masu haƙa a unguwar Insa-dong ta Seoul suka tono wata tukunya ɗauke da haruffan ƙarfe sama da 1,600, har da na wannan sabon rubutu.

Ba su da injin matsawa. Tawada ake shafa wa haruffan, a shimfiɗa takardarsu ta ɓawon itace, a bi bayanta da wani dunƙulen gashi ana gogawa a hankali. Tawadar ma sai da suka sake ta, domin wadda ake yi wa allon itace ba ta kama ƙarfe sosai.

Yadda Jikji ya bar gida labari ne mai ɗaci. Wani jami'in jakadancin Faransa a Seoul, Victor Collin de Plancy, shi ya saye shi ya tafi da shi. A 1911 aka yi gwanjonsa a Paris, wani mai sayar da kayan ado, Henri Vever, ya saya a kan faran 180, ya kuma yi wasiyya a ba babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Can yake har yau. Wata 'yar Koriya mai aiki a wurin, Park Byeong-seon, ita ta tsaya a kansa har aka nuna shi ga duniya a 1972. A 1985 masu aikin filin gidaje a Cheongju suka ci karo da kufan Heungdeok. A 2001 UNESCO ta sa littafin cikin rajistar abubuwan da duniya ba za ta manta ba. Mu da littattafan kakanninmu suke kwance a Landan da Paris da Balin ba sai an fassara mana wannan ciwo ba.

Akwai wani fim na bincike da ya fito a 2017, Jikji Code, wanda ya bi Turai yana neman ko labarin zubin Koriya ya isa kunnen Gutenberg. Na kalle shi da sha'awa, amma ban bi shi har inda yake so ya kai ni ba. Ba a sami hujjar da ta tabbatar da haka ba, kuma a ganina Jikji ba ya buƙatarta. Hanyar Gutenberg dabam ce. Shi maƙerin fari ne, ya sassaƙa harafi a kan ƙarfe mai tauri, ya buga shi cikin jan ƙarfe ya bar gurbi, ya riƙa zuba haɗin dalma da kuza da wani ƙarfe dangin kwalli a wannan gurbi sau ɗaruruwa, kowane harafi kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa. Ya haɗa da tawadar mai da injin matsawa. Ga baƙaƙen Turawa ba su kai talatin ba, na Sin kuwa dubbai ne. Maƙera biyu ne a ƙasashe biyu, kowa ya kalli rubutu ya ga abin da za a iya zubawa.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce tamu. Zubin kaki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mutanen Igbo-Ukwu sun yi shi fiye da shekara dubu da suka wuce, Ife da Binin sun kai shi inda duniya ta sara musu, maƙeran Agadas suna yi har gobe. Rubutu ma muna da shi, Kano da Katsina da Gazargamu cike suke da malamai. Me ya sa maƙeri da malami ba su haɗu a kan harafi ba? Ina ganin dalilan a fili suke. Baƙaƙen Larabci da na ajami riƙe suke da hannun juna, kowane yana sake kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, ga wasulla sama da ƙasa. Yanka su ɗaya-ɗaya a ƙarfe aiki ne da ya wahalar da kowa, Istanbul ma ba ta fara ba sai 1729, Masar kuma ba ta sami maɗaba'ar kanta ba sai a shekarun 1820, ta Bulaƙ. Sannan takarda tsada gare ta. Daga Italiya take tasowa, mai tambarin jinjirin wata uku, ta sauka Tarabulus, ta ratsa wannan hamada da nake zaune a cikinta a bayan raƙumi kafin ta isa kasuwar Kurmi. Ga almajirai masu kyan hannu da ke kwafe littafi don lada da neman albarka. Ko da injin ya zo, mutanenmu ba su saki hannun marubuci ba. Alƙur'anan da ake bugawa a Kano da yawansu hoton rubutun hannu ne aka ɗauka aka yawaita, domin idon da ya tashi a tsangaya wannan rubutu ya sani.

Hausa ta shiga haruffan ƙarfe ne ta wasu ƙofofi dabam, kuma ɗaya daga cikinsu ta bi ta Fazzan. Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, ya ratso ta Murzuk a 1855 ya nufi Tarabulus, daga can sai Ingila. Daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta labarai da yawa da suka fito a Magana Hausa a 1885. A gida kuwa an kafa hukumar fassara da talifi, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar rubutu da ta shirya a 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam yana editanta, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya. A shekarun 1930 ɗin nan ne aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a maimakon ɗige-ɗigen da ake sa musu a da. Mukan faɗi wannan kamar shawara ce kawai aka yanke a ofis. Amma kafin ƙ ta hau takarda sai da wani ya zana ta, wani ya yanka ta a ƙarfe, a juye, aka zuba ta ƙarama da babba, a kowane girman rubutu da ake buƙata. Ba don wannan ba da baƙi da baki sun zama abu ɗaya a shafi.

Kawuna mai haɗa baƙaƙe ne, kuma na ga ƙarshen zamaninsa da idona ina yaro. Tsaye yake aiki, gaban wani faffaɗan akwatin katako mai ɗakuna-ɗakuna, kowane harafi da ɗakinsa. Ɗakin a ya fi kowane saurin ƙarewa, domin akwatunan an tsara su ne don Turanci, Hausa kuwa ba ta motsi sai da a. A hannun hagu yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin kwami, dama kuma tana kai da komo. Ba ya kallon akwatin. Idonsa yana kan takardar da aka ba shi, yatsunsa sun san hanya. Kowane harafi yana da 'yar tsaga a jikinsa, da ita babban yatsa ke gane ko ya zauna daidai ko ya kife. Layin yana taruwa a juye, kansa a ƙasa, shi kuwa yana karanta shi kamar yadda kake karanta wannan.

Wata rana ya miƙo mini guda huɗu a tafin hannu, ya ce, "Ɗan nan, ware mini b da d da ɓ da ɗ." Na ware, na ba shi. Ya shafa musu tawada ya danna a gefen jarida. Duk huɗun na sauya su, domin a ƙarfe b kamannin d gare ta, ɓ kuma kamannin ɗ. Ya ce, "Kada ka tambayi idonka. Ka tambayi takardar da ba a buga ba tukuna." Na daɗe ina juya wannan magana kafin na gane cewa mai wannan sana'a kullum yana ganin shafi biyu ne a lokaci guda, na hannunsa da wanda zai fito.

Inda gwaninta take ƙarewa shi ne cikon layi. Dole kowane layi ya cika ƙarfen nan tam, ba sako-sako, ba matsi. Sai ya riƙa cusa siraran dalma marasa fuska tsakanin kalmomi, ya cire mai kauri ya sa marar kauri, har layin ya tsaya da kansa. Farin da kake gani tsakanin kalmomi a tsohon littafi, shi ma ƙarfe ne, wani ne ya ɗauko shi ya sa. In shafi ya cika, a ɗaure shi da zare, a zura shi cikin firam na ƙarfe, a ɗaɗɗaure. Sannan a ɗaga gefe ɗaya a hankali a gani. In layi ɗaya ya yi sako-sako, haruffa dubu biyu za su zube ƙasa, a kwana ana tsince su. Bayan an gama bugu kuma a wanke su, a mai da kowane ɗakinsa, yana watsa su da sauri kamar mai shuka gero. Harafin da ya faɗa ɗakin da ba nasa ba, zai fito a littafin wani ya ɓata masa kalma. Da na ga Koriyawan Sejong suna cusa tsinken gora don kada haruffa su goce, kawuna na gani.

Yau a waya ɗan danna k kawai za ka yi ka riƙe, ƙ ta fito, in ka sa allon rubutun Hausa. Duk da haka yawancin saƙonnin da ke zuwa mini daga gida ba lanƙwasa ko ɗaya, sai ka lalubo ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko ɗari ko dari. Abin yana sosa mini rai, domin na san nauyin wannan lanƙwasa a tafin hannu.

Shi ya sa na koma wurin dattijon Agadas da wata buƙata. Na ce, "Baba, so nake ka zuba mini baƙi ɗaya." Na rubuta ƙ babba a takardar sigari, muka kifa ta a kan kaki kamar yadda muka gani. Bai san boko ba, amma ya san layi. Ya fere ta da 'yar wuƙarsa, ya daɗe a kan lanƙwasar saman, yana tsoma kakin a ruwa in ya ji ya fara laushi. Ya shafa yumɓu sau uku, muka ba shi kwana huɗu a inuwa. Ran na biyar ya hura wuta da zuga-zugi, ya narka wani tsohon famfon tagulla, ya tuttula. Da ya fasa yumɓun da ƙaramar masaba, sai ga ta baƙi ƙirin da toka, tana kallon hagu. Ya goge fuskarta a dutse har ta yi ƙyalli.

A gida na fara gwada ta da tawadar allo, wadda wani malami maƙwabcinmu yake dafawa da ƙaro. Ta taru ɗigo-ɗigo a kan tagullar, ta ƙi kwanciya, abin da ya fito a takarda dabbare-dabbare ne. Sai na tara baƙin hayaƙin fitila a bayan cokali, na kwaɓa da ɗigon man zaitun, na shafa da yatsa. Na ɗora takarda a kai, na goga bayanta da ƙasan kofin shayi, na ɗaga. Ƙ ce, ta juyo dama, lanƙwasarta ta fito sarai, da wani ɗan tabo a ƙafarta inda iska ta maƙale.